Jawabi a Kan Ziyarar Dutsen Sukur



Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Saboda haka muke kira ga duk mai niyyar yawon buɗe ido lokacin hutu da ya tuna da Sukur, tsohon gari ne bisa duwatsun Mandara, cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru. A shekarar 1999 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne kuwa na farko a Nijeriya.

Da ƙafa ake hawa, ta hanyar da mutanen dā suka shimfiɗe da duwatsu. Can bisa, baƙo zai ga fadar sarkinsu, wanda ake kira Hidi, da gonaki hawa-hawa a jikin tudu, da tsofaffin wuraren narka tama, ga kuma kwari shimfiɗe iyakar ganin ido.

Amma fa a kiyaye. Akwai wuraren bauta na gargajiya waɗanda mutanen garin ke girmamawa. Kada a shiga sai da izini, kada kuma a ɗauke ko da dutse guda, gama gādon 'yan baya ne. A nemi shawarar hukuma game da tsaro kafin a kama hanya.

Allah ya kai mu lafiya.