Jirgin Ruwa Na Kwali

Yau ina so mu yi magana a kan jirgin ruwa. Na san wani zai ce, "Fasto, mu mutanen Lakwaya ina ruwanmu da jirgin ruwa?" Gaskiya ne, yawancinmu abin da muka sani bai wuce kwalekwalen masunta a madatsar ruwan Challawa da ke Ƙaraye ba. Amma ku ba ni aron hankalinku kaɗan.

Bayan kaka wani dattijo ya kawo mini ƙarar ɗansa. Ya ce yaron ya lalace, kuɗin da ya samu a roron gyaɗa duk ya kai Gwarzo an buga masa waɗansu takardu a shagon kwamfuta, ya kuwa rantse zai cinna musu wuta. Na ce ya dakata tukuna in gani da idona.

Da na je, sai na iske yaron a kan tabarma da reza da almakashi da gam, yana harhaɗa jirgin Titanic, wanda ya nutse a 1912. A intanet ya samo zanen. Ashe abin tsohuwar sana'a ce. A Jamus kamfanin Schreiber ya fara buga irin waɗannan takardu a 1878, a ƙasar Folan kuma an fara wata mujalla ta wannan aiki, Mały Modelarz, a 1957. Ana zana kowace gaɓar jirgi a shimfiɗe, da lambarta, kai kuma ka yanka, ka lanƙwasa, ka manna.

Ku lura da lissafin. Nasa jirgin kashi 1 ne cikin 250 na ainihin. Tsawon Titanic mita 269 ne, don haka na kwalin zai ɗara mita 1 kaɗan. Mutumin da zai tsaya a kansa kuwa milimita 7 ne, kamar ƙwayar shinkafa. In hannunka ya goce da milimita 1, daidai yake da a ce maƙeran jirgin sun goce da santimita 25.

Ni ma na ce bari in gwada, ai mun yi motar kara muna yara. Ya ba ni haƙarƙarin jirgin, wato kwalaye masu kauri da ake jerawa a tsaye a kan dogon ƙashin bayansa kafin a rufe da fata. In an rufe, ba mai sake ganinsu, saboda haka na yi gaggawa. Ɗaya ya ɗan karkace, na ce ba komai. Da muka zo lulluɓa fatar sai bakinta ya ƙi haɗuwa, na ja nan, can ya buɗe. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Fasto, sai dai mu ɓare." Aikin yini biyu na ɓata masa, bai ko ɓata fuska ba. Ni da furfurata, kunya ta kama ni.

Shi ne ya koya mini cewa da hunturu gam yana bushewa kafin ka daidaita hannu, da damina kuma kwali yana shan raɓa ya yi laushi. Ba malamin da ya gaya masa.

Na koma wurin mahaifin na ce, "Malam, ɗanka yana awo, yana karanta zane, yana iya zama awa uku a kan abu ɗaya. Kafinta da tela da magini abin da suke nema a wurin yaron shago ke nan." Ban ce a bar shi ya guje wa aikin gida ba, ko makaranta. Muka shirya: safiya ta makaranta, la'asar ta awaki, bayan abincin dare kuma tasa ce.

Jirgin bai ƙare ba tukuna, saura bututun hayaƙi huɗu da ƙananan kwalekwalen ceto. Mahaifin da kansa ya kafa masa katako a bango, ya ɗaga shi daga ƙasa saboda gara.

Wanda yake da kwalin da ba ya amfani da shi, marar lanƙwasa, ya zo da shi ranar Lahadi. Yara uku sun riga sun ce a koya musu. Sai mun sadu a mako mai zuwa, ku huta lafiya.