Gani ya kori ji, amma wa ya zaɓi abin da aka gani?

 

Tun daga 1990, shekarar da jaridar Haske ta fito a Yamai ta buɗe wa jaridu masu zaman kansu hanya, hoto ya shiga cikin gardamar siyasar Nijar. Mutane da yawa ba su karanta faransanci, amma hoto ba ya bukatar tafinta. Saboda haka horon da ake ba ɗalibin aikin jarida, ko a makarantar Yamai da aka daɗe ana kira IFTIC ko a wata, ba sha'anin malamansa kaɗai ba ne. Ya shafi duk wanda zai dubi hotonsa gobe ya yanke wa mutum, ko jam'iyya, ko kasuwa hukunci.

Abin da ɗalibin ke fara koyo shi ne sarrafa haske. Na'urar tana da ƴar ƙofa mai buɗewa ta rufe cikin ƙiftawar ido. In ya bar ta buɗe kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa, mai tafiya zai fito dishi-dishi. In ya rage zuwa ɗaya cikin 1000, ko doki mai sukuwa sai ya tsaya cak. Yana koyon cewa ranar tsaka tana zuba inuwa cikin kwarmin ido, shi ya sa masu hoto suka fi son safiya da bayan la'asar. Yana kuma gane cewa farar babbar riga tana ruɗin ma'aunin hasken na'ura, sai tufa ta fito tas, fuskar mai ita ta yi duhu, in bai gyara da hannunsa ba.

Bayan haka sai a koya masa jera labari da hoto uku: na nesa, mai nuna kasuwa baki ɗaya; na tsakiya, mai nuna mai awo da mai saye; na kusa, mai nuna hannu da tiya. Ƙarƙashin kowane sai ya rubuta wane ne, ina ne, yaushe ne, me ake yi. Hoton da babu wannan bayani kamar buhu ne da babu shaida, kowa na iya cewa nasa ne.

To, duk wannan mai sauƙi ne. Darasi mai wuya shi ne cewa hoto yana da iyaka huɗu, kuma mai hoto ne ke zaɓen abin da zai shiga da abin da zai bari waje. A wurin mitin, in ya durƙusa gaban dandamali ya matso kusa, mutum ɗari biyu sai su cika hoto kamar gari ya tashi. In ya hau soro ya ɗauko filin duka, sai a ga kujeru babu kowa. Ba a taɓa ko ɗaya daga cikin hotunan biyu ba, amma ɗaya na iya zama ƙarya.

Ƙasar nan ta ga misalin wannan a 2005. Bayan fari da farar da suka ɓata daminar 2004, tamowa ta kama yara a jihar Maraɗi da ta Damagaram. An yi watanni ana neman agaji babu amsar kirki, har cikin watan Yuli hotunan yaran Maraɗi suka fito a talabijin ɗin BBC, sa'an nan taimako ya fara kwararowa. Shugaban ƙasa na lokacin, Mamadu Tanja, ya musanta cewa akwai yunwa. Hotunan sun ceci rayuka, wannan babu shakka. Amma galibinsu sun bar abu guda a waje: a daidai wannan lokaci akwai hatsi a kasuwanni, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Wanda ya ga yaron kaɗai ya ɗauka abinci ne babu. Wanda ya ga yaron da buhunan tare zai tambayi farashi, da bashi, da rumbunan gwamnati. Tambayar da hoto ya haifar ita ke nuna maganin da za a nema.

Akwai kuma haƙƙin wanda aka ɗauka. Uwar da ke riƙe da ɗanta a asibiti ba kayan baje koli ba ce. Wajibi ne a nemi izininta, a gaya mata inda hoton zai je. Kuma ɗalibi ya sani ƙasa ba masifa kaɗai ba ce. Filip Kujina ya ɗauki samarin Yamai da wuraren rawarsu a shekarun 1960 da 1970, hotunansa kuwa sun zama shaidar yadda birnin ya rayu a farkon mulkin kai.

A da, filim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, mai hoto sai ya yi tunani kafin ya danna. Yau kowace salula na'urar hoto ce, tsohon hoton wata ƙasa yana yawo a WhatsApp da sunan Tawa ko Ƙwanni, har kwamfuta na ƙera hoton abin da bai taɓa faruwa ba. Wannan ya ƙara wa ɗalibi mai horo daraja, ya kuma ƙara masa nauyi.

Sauran nauyin yana kan masu kallo. Ma'aikacin da ya hana mai hoto shiga biro ya bar wa jita-jita fili. Ɗan kasuwar da ya ba shi goro don ya kau da na'ura daga sito ya lalatar da shaidar da shi kansa zai bukata ranar da aka yi masa ƙazafi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Duk wanda aka miƙa wa hoto ya yi tambaya uku kafin ya gaskata: wa ya ɗauka, yaushe, kuma me aka bari waje?

Allah ya ba ɗalibai sa'a, ya ba masu kallo basira. Wassalam.