ƘURAJEN MASASSARA DA ƳAR'UWARSU TA ƁOYE: INA ANKA KWANA WAJEN NEMAN MAGANI?

Jawabin da ƴan kwamitin lahiya na ƙungiyarmu sunka yi gaban dattawa da ƴan ci rani. An buga shi nan don waɗanda ba su samu zuwa ba.

 

Maganar da munka zo da ita yau tana da nauyin baki. Muna roƙon manya su gahwarce mu in munka ambaci abin da ba a saba ambatawa gabansu ba. Dalili shi ne, bana ba mutum ɗaya ba, ba biyu ba, sun jawo mu gehe sun tambaye mu a kanta, kuma kowa tambayarshi guda ce: shin akwai maganin da ke kashe ta? Tunda kowa a ɓoye shike tambaya, munka ga gara a amsa a hili sau ɗaya, kowa shi ji da kunnenshi.

Kowa nan ya san ƙurajen da ke hito ma mutum a leɓe bayan ya tashi daga masassara. Ƙanana ne, masu ruwa, su hwashe, su yi ɓawo, cikin kwana goma su bushe. Mukan ce masassara ce ke hita. To, ba masassara ce ta kawo su ba, tada su kurum ta yi. Wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke ce ma erpes, kuma iri biyu ce. Ta ɗaya ta hi zama a baki, yawanci tun muna yara munka ɗauke ta wajen manya. Ta biyu, a gahwarce mu, a al'aura take hitowa, ta wajen saduwa ake ɗaukar ta. Ba ciwon sanyi ba ce, ba tunjere ba ce, kuma alluran da ke warkar da waɗancan ba su taɓa ta.

Ƙungiyar Lahiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 3800 ƴan ƙasa da shekara 50 ke ɗauke da ta ɗaya. Ke nan cikin mutum uku kusan biyu. Ta biyu kuwa mutum miliyan 520 ne, ƴan shekara 15 zuwa 49, kuma nahiyarmu ta Afirka ta hi kowace yawansu. Mahi yawa ba su san suna da ita ba, don ba ta taɓa nuna masu komi ba. Saboda haka in an duba damanka an duba hagunka a wanga taro, ba wanda ke da bakin yi ma wani dariya.

Yanzu ga amsar tambaya, ba kwana-kwana: har yau ba a samu maganin da ke hidda ta daga jiki ba. Amma ku ji dalili, don cikin dalilin ne sauran labarin shike.

Kun san gara. Ka karce ginin da ta yi a bango, ka share, ka yayyahwa magani, bayan wata biyu ta sake. Me ya sa? Uwar tana can cikin suri, ba ka kai gare ta ba. Haka wagga cuta take. In ta shiga ta hwata, sai ta bi jijiyoyin da ke kai ma ƙwaƙwalwa labarin zahi da sanyi, ta haura har inda sunka ƙulle wuri guda. Ta baki tana zama a wani ƙulli cikin kai, kusa da kunne. Ta ƙasa tana zama a gindin ƙashin baya. Nan take kwance, ba ta motsi, dakarun jiki ba su iya hidda ta. Ran da mutum ya yi masassara, ko ya gaji ƙwarai, ko rana ta buge shi, ko hankalinshi ya tashi, sai ta sauko ta hanyar da ta hau.

Nan za mu ɗan ratse, don dattawan da ke sasanta aure. Cutar tana iya kwanciya shekara da shekaru ba ta nuna kanta ba. In ta hito ma mace bayan mijinta ya komo daga ci rani, ko ta hito ma miji bayan ya iske iyalinshi, wannan kaɗai ba shaida ba ce cewa wani ya ci amanar wani cikin wagga shekara. Ana iya zuwa da ita daga auren hwari. Ba likitan da zai dubi ƙurji shi ce maka ga ranar da anka ɗauke shi. Muna roƙo kada a yanke ma kowa hukunci a kan abin da likita da kanshi bai iya tabbatarwa.

Mu koma ga magani. A shekarar 1974, a wani kampanin magani mai suna Burroughs Wellcome a Amurka, anka haɗa asiklobir. Wata mata masaniya, Gertrude Elion, ita da abokan aikinta sunka gano yadda shike aiki, kuma a 1988 ta samu kyautar Nobel saboda ayyukanta na haɗa magunguna. An hwara sayar da shi a hwarkon shekarun 1980, ƙanenshi balasiklobir ya biyo baya a 1995. Suna gaggauta bushewar ƙuraje, suna rage yawan komowarsu. Wani bincike da anka buga a 2004, a kan maza da mata abokan zama 1484, ya nuna mai shan balasiklobir kullum shina rage shahwa ma abokin zamanshi da kusan rabi. Wanga ba ƙaramin abu ba ne. Amma maganin sai cutar ta tashi tana hayayyahwa shike kama ta. Ginin bango shike karcewa, bai kai suri.

Rigakahi kuwa, gaskiya an sha ƙasa. An gwada wata allura a kan mata hiye da 8000 a Amurka da Kanada, da sakamako ya hito a 2010 sai anka ga ba ta tsare su daga iri na biyu ba. A 2024 kampanin GSK ya aje wata allurar da ya yi niyyar a riƙa yi ma waɗanda sunka riga sunka kamu, don ba ta ba da abin da anka zata ba. Akwai wata ta kampanin BioNTech na Jamus, irin dabarar allurar korona, da anka hwara gwada ma mutane a ƙarshen 2022. Ba mu yi maku alkawali a kanta ba.

Inda anka ci gaba sosai shi ne wajen sabbin ƙwayoyi masu kama cutar ta wata kahwa dabam. Japan ta yarda da ɗaya, amenamebir, don erpes mai komowa a 2023. A 2025 wani kampanin Jamus ya ba da labarin cewa nashi, piritelibir, ya ci gwaji na ƙarshe a kan marasa lahiya masu raunin jiki waɗanda asiklobir ya daina yi ma aiki. A shekarar nan dai wani kampani a Amurka ya gwada ƙwayar da ake sha sau ɗaya a mako, anka ga hitar cutar ta ragu da hiye da kashi 90 cikin 100, ko da shike mutanen gwajin ba su da yawa. Duk waɗanga sauƙi ne suke ƙarawa. Su ma ba su kai suri.

Masu haƙar suri suna birnin Siyatil, a Amurka, a wata cibiyar bincike da ake kira Fred Hutch, ƙarƙashin wani likita Keith Jerome da abokiyar aikinshi Martine Aubert. Ga dabararsu. Ƙwayar cuta in tana kwance cikin jijiya, ba abin da ya rage nata sai wani ɗan zare da anka naɗe, wanda a jikinshi ne duk tsarin halittarta shike. Sai sunka nemo wani sinadari mai aikin almakashi, wanda ya san zaren cutar, bai taɓa na mutum. Sunka ɗora shi bisa wata ƙwaya maras cutarwa, kamar yadda ake ɗora ma jaki kaya, ita ke kai shi har cikin jijiya. Da hwari wuri guda suke yankewa, sai zaren shi ɗinke kanshi. A 2016 abin da sunka iya ɓatawa a jikin ɓeraye bai wuce kashi 2 zuwa 4 cikin 100 ba. Wani da ya ga haka sai shi naɗe tabarmarshi. Su sunka koma yanka wuri biyu a lokaci guda, yadda ɗinki ba ya yiwuwa, sai jiki shi share guntayen. A 2020 sunka wuce kashi 90 a wani ƙullin jijiya. A 2024 sunka buga cewa sun hidda kashi 90 daga ɓerayen da sunka kamu ta huska, da kashi 97 daga waɗanda sunka kamu ta ƙasa, kuma cutar da ɓerayen ke zubarwa ta ragu ƙwarai.

A ganinmu wanga shi ne labari mahi girma tun bayan asiklobir, don an nuna maɓoyar ba gagara-badau ba ce. Amma ku riƙe abu uku. Ɓera ba mutum ba ne. Iri na ɗaya ne anka yi gwajin da shi, na biyu da sauran aiki. Kuma lokacin da anka buga sakamakon ba a sa ma ko mutum guda ba, don sai an tabbata almakashin bai yanki inda ba a aike shi ba, bai kuma taɓa hanta ba. A Shangai ta ƙasar Sin an yi ma mutum uku wani abu mai kama da haka a ido, don erpes na iya cin ido har ta makantar, anka buga labarin a 2023. Mutum uku ba su isa a yi guɗa ba, amma an taka.

Wani dattijo zai ce: to, in an samu, mu talakawa za mu gan shi? Tambaya ce ta gaskiya. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun yarda da maganin sikila da ake yi da irin wanga almakashi. Kun san yadda sikila ke wahal da ƴaƴanmu. Kuɗinshi a Amurka dala miliyan 2 da dubu 200, wato ya haura miliyar guda na sefa, don mutum ɗaya. Ko garinmu duka anka saida gero da bisashe ba a biya. Sai dai mun ga wani abu da idonmu. A shekarar 2000 maganin sida ya hi dala dubu 10 a shekara. A 2001 kampanin Cipla na Indiya ya ce zai ba da shi dala 350. Yau bai kai dala 100 ba, kuma a ƙasarmu kyauta ake ba da shi. Tsada ba ta dawwama in masu bukata sun yi yawa kuma an samu masu tsaya masu, amma takan ɗauki shekaru.

Kahin nan, ku kiyayi masu cewa sun riga Turawa. Ku ƴan ci rani kun hi mu ganinsu, a tasha da cikin WhatsApp, da kwalba da hoto, wai kwana bakwai ta tahi har abada. Ƙurajen nan ko ba a sha komi ba bushewa suke. Mai kwalba shi karɓe kuɗin guminka, ƙurji shi bushe don kanshi, shi ce aikinshi ne. In ta komo bayan wata huɗu, shi ce ka karya sharaɗi.

Wanda abin ke damu shi tahi wajen majo, shi rubuta mashi asiklobir, shi saye a farmasi, ba wajen masu talla a hwaranti ba. A hwara sha tun ana jin ƙaiƙayi, kahin ƙurji shi hito. Lokacin da ƙuraje ke akwai a ƙaurace ma shimhiɗa har su warke. Kwaroron roba shina ragewa, bai hanawa duka. Kaciya ma haka, wani bincike a Uganda a 2009 ya iske tana ragewa da wajen kashi 1 cikin 4. Mai iri na biyu shi yi gwajin sida, don OMS ta ce haɗarin ɗaukar sida gare shi ya kai ninki uku. In ido ya yi ja da zahi, kada a ɗiga maganin da likita bai duba ya rubuta ba, akwai irin da ke ƙara ma cutar ƙarhi.

Iyayenmu mata, ga naku. Ga babba ƙurji ne, ga jinjiri sabon haihuwa tana iya zama ajali. Mai ciki da ta san tana da ita, ko ta gan ta karon hwari cikin watannin ƙarshe, ta gaya ma ungozomar likita wajen awo, akwai abin da ake yi. Ran suna kuma, duk mai ƙurji a leɓe, ko kaka ce, ko gwaggo, kada ta sumbaci jinjiri, kada ta tauna abu ta sa mashi a baki. Ta wanke hannu, ta yi barka, ta jira leɓenta shi warke.

Mai tambayar da bai son yi gaban jama'a shi iske mu bayan an tashi. Mata kuma ƴan'uwansu mata na kwamiti za su zauna da su gobe da hantsi.