Mutanen tsakiyar ruwa: jawabi kan Ayoru, dorina da takardar gona

Waɗanda suka shirya zaman nan sun ce in yi magana kan ƙauyukan da muka manta da su. Na ce to, ni ƙauye guda zan ɗauka, kuma na tsakiyar ruwa. Ayoru zan kai ku.

Ga wanda bai san wurin ba, in ka bar Yamai ka bi hanyar Tilaberi, ka wuce Tilaberi ka ci gaba, wajen kilomita 200 daga babban birni, dab da iyakar Mali, nan Ayoru take. Garin da mota ke tsayawa yana bakin kogin Isa, amma tsohon garin yana kan tsibiri. Mutanen wurin suna ce masa Ayoru Gungu. Gungu kuwa tsibiri ke nan, shi ya sa ma a Yawuri ake kiran mazauna tsibirai Gungawa.

Na je can tun ƙasar tana zaune lafiya, ranar Lahadi, ranar kasuwa. Tun da hantsi za ka ga kwale-kwale suna fitowa daga ko'ina, wani ya ɗauko kifi, wani shinkafa, wani tabarmi, wani har da awaki a ciki. Buzaye sun zo da raƙuma, Fulani da shanu, mutanen gungu da abin da ruwa ya ba su. Da na ƙetara tsibirin sai na tarar da gidajen ƙasa, mata suna bandar kifi, yara suna ninƙaya kamar a ruwan aka haife su. Amma kasuwa tana ƙetare, jandarmomi suna ƙetare, duk abin da ya fi ƙarfin gida sai an haye. Ku yi tunanin mace ta fara naƙuda da tsakar dare, a watan Janairu lokacin da kogin yake cike, ga sanyi ga duhu, ga dorina a hanya. Mu a nan in taksi ta yi jinkirin minti goma sai mu fara tsaki.

A lokacin baƙi na zuwa. Turawa da ma'aikatan ƙungiyoyi suna tasowa daga Yamai don kallon kasuwa da dorina. Dattijon da ya tuƙa ni ya gaya mini cewa fita guda da baƙi takan ba shi abin da zai kwana biyu ko uku yana jefa taru bai samu ba. Mai rakiya ya samu, maƙerin azurfa ya samu, mai sayar da jakar fata ya samu, mai tuya a bakin ruwa ta samu. Ba arziki ne mai yawa ba, amma kuɗi ne da ke shiga hannun talaka kai tsaye, ba sai ya bi ta ofishin kowa ba.

Sai rikicin Mali ya ɓarke a 2012, 'yan gudun hijira suka kwararo, aka kafa musu sansani a Tabareybarey kusa da garin. A 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a yankin. Ranar 21 ga Oktoba na wannan shekara 'yan bindiga suka afka wa jandarmomin Ayoru, suka kashe 13, Allah ya jiƙansu. A farkon 2020 aka hana hawa babur a sassan jihar Tilaberi. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum 8 a Kure, wurin raƙuman dawa, Faransawa 6 da 'yan ƙasarmu 2, direba da mai rakiya. Daga nan Faransa ta shafa wa taswirar Nijar jan launi, ban da Yamai. Wanda ke zuwa kallon dorina ya daina zuwa.

Ku lura da abin da hakan ya jawo, don nan ne darasin yake. Dorina dabba ce mai ɓarna. Da dare takan hau tudu ta cinye gonar shinkafa, ta yi kiwo cikin burgun da ake yanka wa shanu, in ta fusata ta kifar da jirgi da mutanen ciki. Muddin baƙo yana biyan kuɗi don ya gan ta, mai jirgi yana da dalilin haƙura da ita. Da baƙo ya ɗauke ƙafa, sai ɓarnar ta rage, ribar ta tafi. A 2017 an kashe dorina fiye da 20 a yankin Ayoru, aka kama mutane, kuma a shekarar ce gwamnati ta keɓe wani sashe na kogin don kare su. Ni ban ce a kashe dorina ba, dukiyar ƙasa ce, jikokinmu ma suna da haƙƙin ganinta. Amma in doka ta hana manomi taɓa dabbar da ta cinye gonarsa, to dokar nan ta faɗa masa wa zai biya shi shinkafar. In ba haka ba, shi kaɗai muka ɗora wa nauyin kiwon dabbar ƙasa baki ɗaya.

Yanzu maganar dukiya. Kun san madatsar ruwan Kandaji. Marigayi Tandja Mamadou ya aza tubalinta a 2008. Kamfanin Rasha da aka fara ba aikin bai kai ko'ina ba, aka soke kwangilar, a 2019 aka sake tayar da aikin da kamfanin China. An ce za ta ba da wutar lantarki megawat 130, ta shayar da gonaki, ta hana kogin ƙafewa da rani. Wallahi muna buƙatar wutar nan, duk wanda ya kwana cikin zafin Afrilu babu fanka ya sani. Sai dai ruwan da za a tare zai cinye tsibirai da ƙauyuka, har da wani ɓangare na Ayoru, dubun dubatar mutane za su tashi.

To, mutumin da aka ce masa zai tashi, shekara ta bi shekara bai tashi ba, yaya zai yi? In ya gina ɗaki, yana tsoron ruwa ya ci. In ya dasa mangwaro, bai san ko zai sha ba. Yaron da aka rubuta cikin gidan ubansa ranar ƙidaya, yau ya yi aure yana da 'ya'ya, shi gida guda ne ko biyu? Gonar da ya gada tun kakan kakansa, babu takarda, shaidarta dattawan gari ne da kabarin iyayensa. Kuma masunci fa? Ana iya auna ɗaki, a ƙirga itatuwa, amma gurbin da yake kama kifi tun yana yaro, da wane ma'auni za a biya shi?

Doka dai tana nan. Tun 1993 dokar karkara ta amince cewa gonar gado mallaka ce, kuma ta kafa hukumomin filaye da muke kira Kofo, daga matakin ƙauye zuwa na kwamin har sama, waɗanda ke iya ba mutum takardar shaidar gonarsa. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a, ta 1961 wadda aka gyara a 2008, ta ce a biya diyya ta adalci kafin a tayar da mutum. Amma da Faransanci aka rubuta su, a Yamai aka ajiye su. Mu da muka yi lakwal mu ke iya karanta su, mai gonar kuwa sai dai a gaya masa.

Kada ku ce ina kawo abin da ba zai faru ba, mun riga mun gani a tafkin Chadi. Ranar 25 ga Afrilu 2015 Boko Haram ta kai hari tsibirin Karamga, sojojinmu da fararen hula da yawa suka rasu. Cikin 'yan kwanaki hukuma ta ce kowa ya bar tsibiran. Mutum wajen 25,000 suka fito, da yawa a ƙafa cikin zafin bazara, suka nufi Ngigmi da Boso, sun bar taru da jirage da dabbobi. A cikinsu akwai Buduma, akwai Barebari, akwai Hausawa masunta da suka yi shekaru can. Aka hana cinikin banda shekara da shekaru. Moussa Tchangari ya yi magana kan yadda aka kwashe mutanen, aka tsare shi kwanaki. Babu wanda ya ce kada a yaƙi 'yan ta'adda. Tambayar ita ce, mutumin da ya bi umarni ya bar komai nasa, wa ya rubuta abin da ya bari?

Me ke hannunmu, mu matasan birni? Na farko, mu san dokokin nan, mu fassara su da Hausa da Zabarmanci cikin saƙon murya, tunda saƙon murya yana isa inda takarda ba ta isa. Duk mai dangi a ƙauye, ko bakin ruwa ko tudu, in ya je hutu ya raka tsohonsa wurin Kofo a yi wa gona takarda tun ba a zo da ma'auni ba. Na biyu, in an yi maganar Kandaji kada mu tsaya kan megawat, mu tambaya: an sabunta ƙidayar? An liƙa sunaye inda mutane za su gani? Wanda aka manta da shi, ina zai kai ƙara? Na uku, mu nemi a sa rigar ceto cikin kowane jirgin haya, a kuma hana lodin da ya wuce kima ranar kasuwa, wannan ba ya buƙatar miliyoyi. Na huɗu, mu kiyaye abin da muke turawa a Facebook da WhatsApp. In ka ce mutanen gari kaza duk 'yan leƙen asirin 'yan bindiga ne, kai kana kwance ɗakinka, su ne za su kwana da sakamakon.

Kuma ranar da Allah ya dawo mana da lafiya, kada mu jira Bature. Ɗan Maraɗi da ɗan Damagaram da ɗan Tawa su haɗa kuɗin mota, su je Ayoru ranar Lahadi, su shiga jirgi, su biya mai jirgi haƙƙinsa ba tare da dogon ciniki ba. Nawa ne cikinmu nan suka taɓa ganin dorina ido da ido? Ku ɗaga hannu in gani. To kun gani, ba ku fi a ƙirga da yatsu ba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kare mutanen gungu da na tudu, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mai tambaya ko gyara, bismillah, fili nasa ne.