Batun Ƙungiyar Ƙwallon Yaranmu

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya ya gabatar a taron ƙarshen shekara

 

Kowa ya san abin da ya faru da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta kwalejin da yawancin 'ya'yanmu ke karatu. An fara kakar wasa da ci, an gama da ci. Mu ake ci fa, ba mu ke ci ba. Har ta kai yaran ba sa son a gan su da jesi a cikin gari. To yanzu ga takarda a gaban kwamiti, wasu 'yan uwa na neman a tsayar da ɗan tallafin da muke bayarwa, wasu kuma sun ce za su cire 'ya'yansu gaba ɗaya. Ni ban goyi bayan haka ba, kuma zan faɗi dalilina.

Da farko mu tambayi kanmu, ina yaran nan suke atisaye? Tun da aka dawo da gwamnatin tarayya daga Legas zuwa Abuja a watan Disamba na 1991, Suleja ta zama masaukin duk wanda kuɗin haya ya kora daga birnin. Filayen da muka tarar ana buga ƙwallo a kansu, yau shaguna ne da gidajen haya. Wanda ya rage, rabinsa hanyar 'yan acaɓa ce, in damina ta sauka kuma ruwa ya yi masa kwari. Sannan da an tashi makaranta, mu ɗin nan mu ke tura yaro ya tsare mana shago a kasuwar IBB ko Madalla har magariba. Ran wasa ya fito ba karin kumallo, da aron takalmi, ya kara da wanda ya yi wata uku yana gudu kullum da yamma. Yaya za a yi? Na kalle su sau da dama. Kafin hutun rabin lokaci suna riƙe wasa, daga an dawo sai ƙafa ta mutu. Wannan ba aikin asiri ba ne kamar yadda ake ta raɗe-raɗi a majalisa. Yunwa ce da rashin tirenin.

Faɗuwa kuwa, waye bai taɓa ta ba? Niger Tornadoes ta Minna, ƙungiyar jiharmu, ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2000, ta doke Enugu Rangers da ci ɗaya da nema. Ita ɗin ce ta faɗo daga babban rukuni a 2019. Ba a rushe ta ba, ta koma sama a 2021.

Amma labarin da na fi so mu tsaya a kansa shi ne na Kano Pillars, tunda na san rabin ɗakin nan 'yan Sai Masu Gida ne. Ƙungiyar da ta zama zakara a 2008, sannan ta jera sau uku, 2012 da 2013 da 2014. Ƙungiyar da Ahmed Musa ya yi suna a cikinta kafin ya tafi Turai. A watan Afrilun 2022, ana wasa da Katsina United a filin Sani Abacha, wasu 'yan kallo suka ta da hankali, aka farfasa motar baƙi. Hukuma ta zabtare wa Pillars maki uku, ta ci ta tara, ta mayar da wasanninta na gida Abuja, nan kusa da mu. Ƙarshen kakar nan Pillars ta faɗi rukuni na ƙasa, sai a 2023 ta dawo. Ku duba fa, makin da 'yan wasa suka samu da gumi, masu cewa suna ƙaunarsu ne suka zubar.

Na kawo wannan ne domin irin abin da na gani a bakin fili bana. Manyan mutane masu gemu suna zagin yaro ɗan shekara sha shida don ya ɓarar da fenareti. Wasu samarinmu sun bi rafali da jifa. Jama'a, mu fa zuwa muka yi garin nan neman abinci, daga Kano, Katsina, Sakkwato da sauransu, kuma masu gari sun karɓe mu hannu bibbiyu. A ƙungiyar nan ɗanka na ba ɗan Gwari ƙwallo, ɗan Koro na tsare wa ɗan Ibo baya. Ban san wani wuri a Suleja da yaranmu ke cuɗanya haka ba. In dutse ɗaya ya fasa kan ɗan wani, ba za a ce 'yan kallo ba, cewa za a yi Hausawa. In kuma muka janye 'ya'yanmu don an ci su, to su koma ina da yamma? Gidan kallon ƙwallo da shagon caca suna nan a buɗe, ba sa korar kowa.

Saboda haka roƙona ga kwamiti shi ne kada a taɓa tallafin nan. A sayi takalma da ƙwallaye tun kafin a koma hutu, kada a jira sai ana gobe wasa. Iyaye masu shago su saki yara ko da kwana uku ne a mako, daga la'asar zuwa magariba. Mata sun riga sun ce za su ɗauki nauyin abincin ranar wasa, Allah Ya biya su. Sai kuma a naɗa dattawa biyu da za su riƙa zama a bakin fili duk wasa, duk wanda ya yi zagi ko jifa a kawo sunansa gaban ƙungiya. Ni na ba da sunana, saura mutum ɗaya.

Malam shugaba, ina neman a kaɗa ƙuri'a kan wannan kafin a tashi sallar la'asar.