Shirin Ko-ta-kwana a Makarantunmu

Daga satar ɗalibai a Chibok a 2014 zuwa ta Ƙanƙara a 2020 da ta Kuriga a 2024, darasin ɗaya ne: idan masifa ta afka wa makaranta, malami ne a wurin kafin jami'an tsaro su iso. To, an shirya shi kuwa?

Ya kamata kowane shugaban makaranta ya riƙe lambar baturen 'yan sanda da ta mai gari. A ware ƙararrawar gargaɗi, a riƙa gwada wa ɗalibai hanyar fita da wurin taruwa kowane zango. Rajistar kiran suna ce ke nuna wanda ya ɓace. Yaran da suka kuɓuta kuma, lallashi suke buƙata kafin karatu.

Hukumomin ilimi, ku horar da malamai tun yanzu. Rigakafi ya fi magani.