SHARAR GIDA BA SAI DA LEDA BA



Yau maganar shara za mu yi, kada kowa ya raina ta. Iyayenmu a Kano ba su san leda ba. Da rani masu jakuna sukan shigo birni da itace, su koma ƙauye da mangala cike da shara da toka da kashin awaki, a zuba a gona. Watau juji dukiya ne. Yanzu fa? Manomi ya sayi taki da kuɗinsa, sa'an nan ya yini yana tsince leda a ciki. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin akuya. Ta haɗiye leda saboda ƙanshin miya, ba ta narkewa, sai dabba ta yi ta rama har ta mutu. Da damina kuwa lambatu ya toshe, ruwa ya shiga gida. Gidan wa? Na talaka mai katangar ƙasa.

Toshewar magudanan ruwa ce ta sa ƙasar Bangaladash ta hana leda marar kauri a 2002. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, har da ɗaurin da zai iya kai shekara huɗu. Mu ba sai mun jira doka ba.

Abin da ya sa muke ƙulle shara a leda shi ne muna haɗa jiƙaƙƙiya da busasshiya wuri ɗaya. To, mu raba su. Ɓawon doya da na dankali na awaki ne. Sauran jiƙaƙƙiya a zuba a bokiti mai murfi, a shimfiɗa toka ko tsohuwar takarda a gindinsa, gama toka tana shanye ruwa, tana rage wari. Mai fili ya haƙa rami ya riƙa binnewa, ya sami taki kafin shuka. Busasshiya kuwa kwando ko tsohon buhu ya ishe ta, a zazzage a komo da shi. Gwangwani da ƙarfe da tsohuwar roba, 'yan gwangwan suna saye.

Akwai wata leda da ake cewa tana ruɓewa. Mu yi hankali. Wadda aka yi da sitacin masara tana ruɓewa, amma sai ta sami zafi da danshi sosai, ga ta da tsada. Wata kuwa marmashewa kaɗai take yi ta gauraya da ƙasa, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana irinta tun 2021. Ƙona leda ma ba magani ba ne, yaranmu ne ke shaƙar hayaƙin.

Ku 'yan kasuwa, mun san in mutum ɗaya ya ƙi ba da leda, mai saye zai wuce rumfar gaba. Lalle ba ma so kowa ya yi hasara. Sai dai kowane layi ya zauna da shugabansa, a ɗaure magana ɗaya: wanda ya zo da kwandonsa ko kwanonsa, kuɗin ledar da ba a ba shi ba ya zama gyararsa.